Tukunyar da Ta Kwana a Bayan Rumbu

Ruwan dam ɗin Tiga ya cinye gonarmu. 'Yan'uwana suka koma kamun kifi, ni kuwa na rantse ba zan hau kwalekwale a kan gonar ubana ba. Sai na tafi Kafin Maiyaƙi wurin kawuna, mai zubin tukwane da ƙarfen goran ruwa.

Kawu ba ya awo. Ya ce ƙarfe miya ne. Tsohon fistin na injin motocin aikin dam, fasassun kwanoni, ɗan guntun wayar jan ƙarfe, duk a narke wuri guda, a kwashe datti, a zuba a ramin yashi. A bar shi ya huce don kansa.

Da na kwana biyu a hannunsa ya ce, "Zuba taka. In ta yi, ka zauna. In ba ta yi ba, ga dam can, kifi na jiran ka."

Na zuba. Na ƙara waya fiye da yadda yake sawa, don ina son ta yi ƙwari. Haƙuri kuma ba ni da shi. Tana daskarewa na ciro ta da awartaki na tsunduma a ruwa.

Kawu ya karce gindinta da ƙusa, ƙusa ta shige.

"Ɗana, wannan ai tuwo ka tuƙa."

"Kawu, a duba dai."

"Na duba. Kifi ma sana'a ne. Ranar kasuwa ka bi mota."

Ya wurga ta bayan rumbu. Kwanakin da suka rage kafin kasuwa na yi su ina zuga wuta.

Ranar kasuwa na ɗaure kayana. Kawu ya jawo tukunyar zai farfasa ya mayar wuta. Ya ɗaga guduma ya maka. Guduma ta yi tsalle, tukunya ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Ya sake. Ya ɗauko ƙusar nan, ta zame.

"Wa ya musanya ta?"

"Ita ce, Kawu. Ga karcenka nan."

Da ƙyar ya ɓalle kunnenta, ya duba ɓarin. Ƙwayar cikin lukui, kamar garin gero.

"Ashe ƙarfe ma daddawa ne, sai ya kwana," in ji shi. "Kwance kayan nan, mai taurin kai. Wa zai zuga min wuta?"

Me ke faruwa cikin ƙarfen a kwanakin nan, ban sani ba har yau. Na dai san ba na yanke wa tukunya hukunci ranar da aka zuba ta.

Yanzu ina Tudun Wada, ina zubi. Kifi kuwa saye nake yi.