Geron da Jalalu Ya Gani a Waya

Jalaluddeen taubashina ne, ubansa da uwata ciki ɗaya. A duk Kanya Babba babu mai girman kansa, in za a ɗinka masa hula sai tela ya ƙaro yadi, amma cikin fayau. Abu ɗaya gare shi, shi ma gado ya ci: irin geron kakanmu mai jure fari, wanda duk kaka ake zaɓar zangarniyarsa a ajiye a rumbu. Ko damina ta yi gardama, gidansa ba a rasa tuwo.

Bara ya sayi babbar waya. A kasuwar Babura ya ga tallan wani kamfanin iri a jikin shago, aka ce ya haska hoton da waya, sannan ya je ya nuna wa gonarsa wayar. Ya je kuwa, tsakiyar rani, gonar ba komai sai rairayi da kashin awaki. Yana ɗaga waya sai ga gero a cikin gilashin, kore shar, yana kaɗawa, kowace zangarniya kamar cinyar ɗan dambe. Ga tsamiyarsa a gefe, har akuyar Dela, matarsa, tana ratsawa ta ƙarƙashi.

Ya kwaɗa mini kira: "Kai bawa, zo ka ga gonar ubangidanka!"

Na ce, "Sauke wayar mu gani."

Ya ce, "Hassada za ta kashe ka."

Ran nan ya kwaso irin kakanmu ya zube wa Dela, wai ta yi fura. Ta ce, "Malam, irin Baba ne fa." Ya ce, "Daka!" Ta daka tana hawaye. Ni ma na sha, kwano biyu, ta yi daɗi ƙwarai.

Ya shuka irin kamfani. Ruwa ya ɗauke kwana ashirin, geron ya fito kamar wutsiyar ɓera. Abin da ya girbe bai cika bayan jaki ba.

To, ga inda abin yake. Jalalu bai yarda an yaudare shi ba, domin shi yana tuna geron nan. A majalisa sai ka ji ya ce, "Shekarar da gerona ya fi raƙumi tsawo." Har yakan nuna tabo a hannu, wai ganyen ne ya yanke shi da ya shiga ciki. Tabon nan keke ne ya kayar da shi muna yara, ni na ture shi.

Bana, gab da ruwan shuka, ya zo ƙofar gidana, don ni kaɗai na rage da irin kakanmu, ta wajen uwata. Na ce zan ba shi tiya guda, in ya faɗa gaban majalisa cewa bai taɓa ganin geron nan a gonarsa ba. Aka taru. Ya miƙe, ya dubi ƙasa, ya dube ni.

Ya ce, "Wallahi na gani. Na taɓa shi ma."

Aka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga benci. Na mayar da tiyata rumbu.

Dela ta kwashi yara ta tafi gidansu a Roni, inda ake ɗora tukunya. Shi kuwa ƙwadago yake yi a gonata. Jiya ya dogara da fartanya, ya ƙare wa gerona kallo, ya ce bai kai nasa ba.