Kafin Ta Sa Hannu

Ina zaune a wurin karɓar kaya na filin jirgi, ina jiran saƙon yayana. Kusa da ƙofa wata gajeruwar mata ce tsaye, tabarau rataye a wuyanta da zare. Gabanta akwatunan katako uku, kowanne ya fi ta tsayi. Na ji tana gaya wa ma'aikacin wurin cewa manyan kwamfutocin ajiye bayanan asibiti ne, wata biyar tana jiransu daga wata masana'anta a ƙasar waje.

Direban da zai kwashe su yana ta kaɗa makulli. "Anti, sa hannu mu tafi. Ko ƙwarzane babu a jikin katakon."

"Ƙanena, ai ba katako na saya ba," in ji ta.

Ta sa tabarau, ta durƙusa a kan siminti. Jikin kowane akwati akwai ɗan bututun gilashi da yake komawa ja idan kayan sun faɗi a hanya. In ta sa hannu ba ta duba ba, masana'antar ta zare hannunta daga kayan ke nan.

Leɓenta na motsi a hankali. Ina jin ta taɓa ganin jan nan sau ɗaya, kuma ba ta manta ba.

Na farko fari, na biyu fari. A na uku ta daɗe, ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta sake dubawa. Shi ma fari. Sai ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta dafa akwatin.

"Sannunku da hanya," ta ce wa akwatunan, sannan ta karɓi biro.