Takardun Dakta da na kai masallaci

Shekarun baya, lokacin ina farrash a wani ƙaramin ofis a unguwar Bani Malik, can ƙasa mai tsarki, shara da dafa shayi, an kawo wani Dakta daga Najeriya a kan kwantiragi. Mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa a wurin, sai muka saba.

Takardun aikinsa dogaye ne, tebur ba ya ɗaukarsu. A ƙasa yake shimfiɗa su, ya durƙusa da fensira masu launi yana bin layi. Wata rana na kawo masa shayi ina ta raɓe-raɓe, ya ce, "Baba, ka san me kake tsallakewa?"

Na ce, "Ni dai saƙar tabarma nake gani."

Ya yi dariya. Ya ce can ƙarshen arewacin duniya akwai ƙasar da ta daskare, ba ta narkewa ko da bazara, kuma a ƙarƙashinta akwai gas da ya maƙale a cikin ƙanƙara. Manyan motoci ke girgiza ƙasar, sautin ya nutse ya dawo, na'ura ta zana shi. Shi kuma aikinsa ya gano inda gas ɗin yake kwance, ya ja masa jan layi. Wata huɗu ya yi yana jan layin nan.

Abin da ya dame ni daban ne. Duk takardar da zai fara, sai ya rubuta Bismillah a samanta da hannunsa. Ni kuwa mutum ne mai waswasi, alwala ma sai na maimaita. Kullum ina ganin takalma na wucewa gefen sunan Allah, amma nauyinsa ya hana ni magana.

Wata Alhamis ya tafi Umra. Na tarar da takardun a nannaɗe, jingine da kwandon shara. A ofishin nan, duk abin da ke jikin kwando an gama da shi. Na ce a raina halas, shi ke nan, ya kammala. Shara kuwa ba zan iya zuba su ba, sai na rungume su har unguwarmu Waziriyya, na saka a akwatin masallacinmu da ake tara takardu masu sunan Allah. Har daɗi na ji, wai na yi aikin lada.

Ran Lahadi na same shi yana birkita ofis. Ashe gefe ya matsar da su don in ji daɗin goge ƙasa. Da azahar na ruga masallaci, na tarar an kwashe akwatin.

Da na dawo ya ce, "Baba, ko ka ga takarduna?"

Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa, kafili kuma, wanda zamana ke hannunsa, ba ya son jin ƙara. Na ce, "Wallahi, Dakta, ban zuba su a shara ba."

Ya ce, "Na sani, Baba. Kai da ko tsinke ba ka yarwa sai ka tambaya."

An sake buga masa zanen, amma layukan hannunsa babu su a ko'ina. Rahoton ya makara, ba a kuma sabunta masa kwantiragi ba. Ko saboda wannan ne, har yau ban sani ba, kuma rashin sanin bai taɓa yi mini sauƙi ba.

Ranar tafiyarsa ya riƙe hannuna a bakin lif, ya ce, "Zama ya haɗa mu. Idan na taɓa saɓa maka, ka yafe mini."

Na ce, "Ba komai, Dakta, na yafe." Lif ya rufe.

Yanzu na gane tsoron zunubi ya sa na ɗauki takardun, tsoron mutum ya sa na yi shiru, kuma na biyun ne ya fi ƙarfi a kaina. Na tsare rantsuwata tsaf, ban yi ƙarya ko ɗaya ba, amma na bar bawan Allah ya koma gida yana zargin kansa da sakaci. Shi ya nemi gafarata, ni kuma na ba shi, kamar ni aka yi wa laifi.