Sumie, Ni Zan Ja Wutar Bana

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, da hantsi, Sumie Iwashita ta rasu a asibiti bayan jinyar da ta ɓoye mana tun kaka. Shekarunta sittin da takwas. Ina ba shanu dusa ɗanta Norihiro ya zo ya faɗa mini. Na ajiye bokitin, na zauna a ƙasa.

Sumie, na san ki tun kina goye a bayan uwarki ranar ƙona tudu. Kin tashi kin ga yadda muke yi. Da kaka mu share layin tare wuta kewaye da filin kiwo, in sanyi ya ja baya mu sa wa tsohuwar ciyawa wuta, sabuwa ta fito wa shanu, wutar daji kuma ta rasa abin ci. Mutum ɗaya ne ke jan wutar, kowa na bin umarninsa. In ta yi kyau, na gari ne. In ta ƙwace, nasa ne shi kaɗai.

Haka ta faru da Shigeru Kai. Iska ta juya masa, wutar ta tsallake layi ta cinye gonar itatuwan wani mai katako. Aka kai shi kotu, ya sayar da shanunsa duka. Abokan shan giyarsa suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Ke ce kike kai masa dunƙulen shinkafa, ki zauna a bakin ƙofarsa kina tsokanarsa har sai ya yi dariya. Bayan Shigeru ba wanda ya ƙara yarda ya ja wuta. Ƙaya da busassun itatuwa suka rufe tudun. Ran da wutar daji ta taso da kanta, sai da ta lashe rumbun Gwaggo Haru, da ƙyar aka fito da tsohuwar a goye.

Abin da ya sa kika tsaya takarar majalisar lardi ke nan, ke da kika fi sabawa da takalmin roba. Da kika ci zaɓen, kika kai ni can in ba da shaida. Na fara jera musu masu jan wutar ƙauyenmu tun daga kakan kakana, ban kai rabi ba kika ja mini bakin riga.

"Kawu Tsuneo, matattu ba sa jefa ƙuri'a. Faɗa musu na Shigeru."

Bara majalisar ta amince da dokar da kika kawo. Wanda ya ja wuta bisa ƙa'ida, in ta ƙwace, asusun lardi ne zai biya, ba shanunsa ba, kuma za a taimaka da kuɗin share layi. Sai dai mai jan wutar dole ya zauna ajin horo ya karɓi takardar shaida. A nan muka saɓa. Na ce ni da ban gama firamare ba, na ja wuta tun ba a haifi malaman ba, ba zan zauna a benci a nuna mini iska a allo ba.

"To zauna a gida, tsoho mai taurin kai. Norihiro ya je, shi zai ja."

"Ya ja mana. In ya ƙone girarsa kar ki kawo mini shi."

Kika yi dariya, kika ƙara mini shayi. Ashe a lokacin ciwon ya riga ya kama ki.

Ga halin da rasuwarki ta bar mu a ciki. Kin san al'adarmu: gidan da aka yi mutuwa, mutanensa ba sa kai wuta tudu sai bayan kwana arba'in da tara. Kafin su cika, sabuwar ciyawa ta tsiro, lokaci ya wuce. Norihiro kuwa shi kaɗai ke da takardar a ƙauyen nan. Samari suka ce camfi ne, a yi watsi da shi. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Wasu suka ce a bari sai baɗi. Na san baɗin nan, ita muka ce bayan Shigeru.

Don haka ranar Litinin na sa kwat ɗin da na je jana'izarki da shi, don ba ni da wani, na hau bas na tafi ajin. Mai koyarwar sa'ar jikata ce. Da ta ga ina juya takardar tambayoyi, sai ta matso ta karanta mini su a hankali, yadda ba wanda zai lura. Ta faɗi abu biyu a kan iska da ban sani ba. Na ukun ban yarda da shi ba, amma na bar mata shi.

Sun ba ni takardar, Sumie. Ni zan ja wutar bana. Norihiro zai tsaya daga ƙasa ya kalli hayaƙi, baɗi tasa ce.

Buddha mai jinƙai ya karɓe ki, ya haskaka miki hanya, ya sada ki da iyayenki lafiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Masao, da Norihiro da matarsa, da jikokinki. Haƙuri ya sauka a gidanku. Mu kuma da za mu hau tudu, ki roƙa mana iska mai sauƙi.