Batir Biyu na Motar Baba

Motar Baba tsohuwar bas ce mai shan dizal, wadda ya yi shekaru yana jigilar alhazai da ita tsakanin Aziziyya da Harami. Da ya bar aikin, sai ya cire kujerun baya, ya sa gado da murhun gas da tankin ruwa. Duk lokacin da Makka ta ɗauki zafi, a cikinta muke hawa Ɗa'ifa mu sha iska. Ina son motar nan fiye da yadda ya kamata mai hankali ta so tarin ƙarfe.

Zafin garin nan ba ya barin batir ya tsufa. Motar kuma biyu take ci, kuma tare ake canza su. Baba yana da tasa hanyar zaɓe, ba ruwansa da kwali ko sunan kamfani. Ɗaga batir yake da hannu biyu, ya ɗan jinjina shi, ya ce mai nauyi shi ne mai dalma da yawa, shi ne zai juya injin dizal cikin sanyin kan dutsen Ɗa'ifa. Mu dai mukan yi masa dariya mu bi shi.

A shekarar da ya tashi daga jinya, motar ta daɗe a ƙofar gidanmu a unguwar Tandabawi. Aka murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Yayana, wanda Larabci ya fi zama a bakinsa, ya ce, "Halas ya Baba, ta ƙare, a sayar kawai. Wa zai tuƙa?"

Baba ya ce a bari ya sayo batir tukuna. Na san abin da ke ransa: in ya ga ƙarfinsa ba zai kai ba, sayarwa zai yi. Ni kuwa ina da lasin tun da aka ba mata izinin tuƙi, da ƙaramar motata nake zuwa aiki, amma ban taɓa samun bakin cewa a ba ni bas ɗin ba.

Ni na kai shi shagon. Mai shagon tsohon abokinsa ne, cikin Hausawan da suka zo ta Sudan. Ya jera mana batir iri uku a ƙasa. Baba ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya kama na farko. Batir bai motsa ba. Ya sake gwadawa, ya kasa. Mai shagon ya juya baya, wai yana neman kofin shayi. Tausayi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Baba ya miƙe a hankali. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, zo ki ɗaga min."

Na tattare abayata na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, bayana yana ƙorafi.

"Na tsakiya, Baba. Kamar buhun shinkafa."

"Ba a yi wa batir garaje. Sake ɗaga na farkon."

Na sake. Na tsakiyan dai ya fi.

"Ɗayyib, ya yi kyau," in ji shi. "Ba mu biyu irinsa."

A gida yayana ya ɗaura su yana gunaguni. Baba ya tsaya a ƙofar direba da makulli a hannu, yana kallon matakin hawa. Ina jiran ya ce a kira mai saye. Sai ya zagaya ta ɗaya ƙofar, ya hau da ƙyar, ya zauna a kujerar gefe, ya miƙo min makullin.

"Ke kika zaɓa, ke za ki tayar. Ki jira fitilar ɗumama injin nan ta mutu kafin ki murɗa."

Na jira, na murɗa. Injin ya kama a bugun farko, duk motar tana kaɗawa. Na juya in yi masa murna, sai hawaye suka riga ni. Tunda nake, ban taɓa ganinsa a wannan kujerar ba.