Mai Duba Min Baya

Tabon ya fara fito min ne a tsakanin kafaɗu, fari fat kamar an ɗiga nono, shekarar da na bi yayana Guangzhou ina tsare masa ofishin kago, wato na tura kaya, a titin Huanshi Lu. Ba ƙaiƙayi, ba zafi. Da na ga wani ya ɓulla a wuyana sai na tafi asibiti ban gaya wa kowa ba. Na san bakin mutanenmu: wannan ta ce bilicin ne, waccan ta ce kuturta, wata ta ce jifa aka yi min.

Likitar ta ce da haske za su yi min magani. A bangon wurin jira akwai tsofaffin hotuna, yaran Turawa da baƙin gilashi sun kewaye wata fitila. Na ɗora waya a kan rubutun da ke ƙarƙashinsu ta fassara min. Wai tun da, kafin a sami ƙwayoyi, da rana da irin wannan fitilar ake jinyar tarin fuka na fata da yara masu gwame. Na ce ikon Allah, ranar da muke gudu a Kano ita aka sa a akwati.

Akwatin hasken kamar durowar kaya yake. Ki tuɓe, ki sa gilashi, a rufe ki, fitilu su kama. Kafin ki gama tsarguwa an buɗe.

Abin da ya dame ni shi ne tambayar nas. Duk zuwa sai ta miƙo min waya mai fassara, ta tambaya ko wurin tabon ya yi ja washegarin haske, don da amsar take sanin ko za ta ƙara hasken. Wai in sa wani a gida ya duba. Wa? Yayana, wanda ko ɗankwalina ya zame sai ya kau da kai? Na gwada ɗaukar hoto, ba abin da ke fitowa sai kafaɗa da bango. Ni kuma sauri nake baƙina ya dawo. Sai in ce mata meiyou, wato babu, ta ƙara.

Haka muka yi ta yi har bayana ya yi bororo, ko riga ta taɓa sai na cije leɓe.

A ɗakin da ke kusa da nawa akwai wata Hajiya 'yar Maraɗi da ta zo sarin takalma a Zhanxi Lu. Ba ma shiri, ta cika tambaya. Da safe na buga mata ƙofa.

"Hajiya, bayana za ki duba min."

"Ke da gaisuwa ma sai an roƙe ki? Shigo, ɗiyata."

Na ɗage riga. Ta duba, ta ce, "Wane marar imani ya yi maki haka?"

Na gaya mata komai.

"Ke dai ba ki da hankali. Ana gasa ki kamar tsire, kina cewa a ƙara wuta?"

Ta jiƙa tawul ta ɗora min a hankali. Tun da na sauka ƙasar nan hannun wani bai taɓa ni ba sai da safar roba. Can ta matso da fuskarta.

"Mi ne ne wannan? Ɗige-ɗige baƙaƙe cikin farin, kamar an barbaɗa masoro."

Abin da likita ta ce in jira kenan, alamar baƙina ya fara dawowa. Ashe ya zo tuni, ba wanda ya gani.

Da ƙunar ta warke na koma. Duk washegarin haske Hajiya take dubawa, ta ce ja ne ko babu, ta haɗa da zagi. Sannan aka loda kayanta, ta tafi.

Zuwan da na yi bayan tafiyarta nas ta miƙo wayar da tambayarta. Na rubuta mata ban sani ba. Ta karanta, ta dube ni, ta bar hasken inda yake.