Gidan da Matattun Batura Ke Komawa

Shekara tara ina jan taksin Parakou zuwa Djougou, ban ga mai kai irin Inoussa mai batir ba, ban kuma ga wanda kansa ya cuce shi kamarsa ba.

Daga Nijar ya zo, ya kama gida a Tourou, bakin hanya. Sana'arsa tada mataccen batirin mota. Ya fasa, ya zubar da ruwan batirin a bayan ɗaki, ya narka dalmar a tsohuwar tukunya, ya zuba sababbin faranti, ya liƙe da kwalta. Zamanin mulkin gurguzu ne, da kowa ya zama "kamarad", kantuna fayau, Nijeriya kuma ta rufe iyaka. Sabon batir sai a mafarki.

Inoussa ya lura motocin auduga da namu na fasinja kullum akwai ɗan wurin da ba kaya. Sai ya shirya hanya. A Pélébina mai injin niƙa ke tara masa matattun batura, a tashar Djougou Saley mai faci, a Onklou wani Hachimou mai shayi. Ka kawo matattu biyu, a ba ka mai rai ɗaya. Kowane direba ya wuce ya ɗauki abin da ya samu, ya sauke a tsakar gidan Inoussa ko yana nan ko ba ya nan. Da wani ɗan baƙin ciki ya taɓa yaɗa cewa Inoussa ya bar sana'a, don shi ya samu ya kwashe kayan, sai Inoussa ya sa masu tarawar duka suka yi rantsuwa: ko wa ya kawo saƙon a daina, ƙarya ne, sai sun ji daga bakinsa. Na yaba masa a ranar. Yau da na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

'Ya'yansa biyu sun rasu a gidan nan, duk kafin su cika shekara huɗu. Ciwon ciki, sai jijjiga, sai shiru. Aka ce iska ce. Matarsa Kadidjatou ta yi turare, ta sha rubutu, ta rage da Zinatu kaɗai, 'yar shekara uku mai cin ƙasa kamar kaza.

Ran da Zinatu ta fara jijjiga, ni na kwashe su zuwa asibiti. Likitan ya buɗe bakinta, ya dubi dasashi, ya dubi na Inoussa, ya tambaye shi sana'arsa. Da Faransanci ya yi bayani, Kadidjatou kuwa ba ta ji. Dalma ce. Tana cikin ƙasar tsakar gida, tana cikin toka, tana jikin rigar uban. In yarinyar ta koma cikinta, za ta bi 'yan'uwanta.

"Me lokotoro ya ce, Malam?" in ji Kadidjatou.

"Ya ce za ta warke," in ji Inoussa.

A waje na tsare shi. "Ka faɗa mata mana!"

"In ce mata ni na kashe biyun? Ladan, bari in tsayar da kayan, in kankare gidan, sannan."

Tsoro ne kawai, kuma na biye masa. Muka kama hanya, tunda rantsuwar nan ta hana a aika kowa. A Onklou Hachimou ya yi dariya, ya ɗauka gwada shi ake yi, sai da Inoussa ya fashe da kuka gaban masu shan shayi. A Djougou Saley ya tafi jana'iza ƙauye, muka yi kwana biyu muna jira. Inoussa ba ya ci, ba ya zama, yana ta matsa hannunsa na dama da ya fara saki daga wuyan hannu. Da Saley ya dawo ya ce, "Ai kamiyon auduga, babbar motar nan, ya kwashi batura talatin shekaranjiya." Ban taɓa taka mota kamar ranar ba.

Mun isa Tourou da la'asar, an yi ruwa. Asibiti sun sallami Kadidjatou da Zinatu tun jiya, gado ya yi kaɗan. Batura talatin jibge a tsakar gida, wasu sun fashe. Zinatu na zaune a kai, tana kankarar farin garin da ke bakin batir tana lasa.

Kadidjatou ta fito da fara'arta. "Sannu da hanya, Malam. Ka ga arziki ya riga ka zuwa."

Inoussa ya fizge yarinyar, ya goge mata baki da rigarsa, sai ya tuna abin da ke jikin rigar, ya ajiye ta a ƙasa, ya tuna ƙasar ma, ya sake ɗauke ta. Ya tsaya riƙe da ita sama, ya rasa inda zai sa ta a gidansa. A haka ya faɗa wa matarsa komai.

Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi 'yarta ta goya.

"Yaushe ka sani?"

"Kwana huɗu."

"Jiya da yau a nan ta wuni," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Malam Ladan, kai ni Djougou wurin yayata."

Na kai su. Zinatu ta rayu, amma maganar da ta fara koya ta tafi, har yau ba ta dawo ba.

Pélébina ba mu samu zuwa ba. Wata uku bayan nan na leƙa Inoussa, hannun ya mutu sarai, gidan ba kowa sai shi. Muna zaune wani direba ya yi oda a ƙofa, ya sauke batura shida daga mai injin niƙa, ya ce a gaida yara.